Akun Merri a Fadamar Korrabin

Merrilyn Tonkin taubashiyata ce, 'yar Gwaggo Dot ƙanwar babana. Ta girme ni da shekara huɗu, kuma tun muna yara take ja mini kunne da su. Duk garin Korrabin Merri ake ce mata. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta ba ta taɓa ɗaga murya ba. Madubi kawai take kallo, yaron da ke kujerar baya ya ji fitsari ya matse shi. Mijinta Lionel masunci ne. Shekarar da ya rasu ta yi wata uku ko bakin ƙofa ba ta leƙa ba. Sai wata Asabar ta zura takalmin robarsa, wanda ƙafafunta biyu za su shige guda ɗaya har da sauran wuri, ta bi masu ƙidayar tsuntsaye cikin fadamar da ke bakin teku. Yau hunturu ashirin da biyu ke nan, ni dai ban ga ta dawo ba. Gangar jikin ce ke zuwa gida ta ci abinci ta koma.

Abin da suke nema wani ɗan aku ne kore da bai kai tafin hannuna ba, yana da ɗigon ruwan lemo a ƙasan ciki kamar miya ta ɗiga masa. Mai-lemo muke ce masa. Da bazara yana can Tasmaniya yana ƙyanƙyasa, sanyi na kamawa sai ya tsallako teku ya zo gaɓarmu cin 'ya'yan ciyawar gishiri. Sun ƙare, saura ƙalilan, har ma'aikatan can sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun sa musu zobe a ƙafa. Abin haushin, yana da ɗan'uwa mai shuɗin fiffike wanda ya cika ko'ina kamar kaji, kuma daga nesa ko uwar da ta ƙyanƙyashe su sai ta rikice.

Shi ya ja wa Merri abin kunya shekara tara da suka wuce. Ta hango guda ɗaya, ta buga wa duniya waya. Mota arba'in suka cika bakin fadama, ni a lokacin ɗari huɗu na ce. Wani mai gemu da ya taso tun daga Melbourne ya sa ido a madubin hangen nesa, bai kai ƙiftawa biyu ba ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, mai shuɗin fiffike ne." Washegari aka wayi gari da kazar roba ɗaure a gaban motar makaranta, an shafa mata fentin lemo a ciki. Ni ne. Wata biyu ba ta yi mini magana ba, kunnena ya sha iska. Tun daga ranar aka kafa doka: ba a rubuta Mai-lemo sai da shaidar mutum biyu, kuma sai an faɗi irin zoben da ke ƙafarsa.

Yankin da Merri ke ƙirgawa shi ne Tudun Kawa, can ƙarshen fadama inda ɓawon kawa, wato dodon-koɗin teku, ya taru ya yi tudu. Hanya ɗaya ce, ta katako, shimfiɗe a kan laka, kuma in teku ta ciko takan shanye ta gaba ɗaya. A farkon Yulin bana, tsakiyar hunturunmu, Tegan Mulcahy, mai kula da gandun da fadamar ke ciki, ta je har gida ta same ta. Wannan Tegan Merri ce ta riƙa kai ta makaranta tun tana yawo da majina.

"Merri, shekara goma sha ɗaya ba a tabbatar da ko ɗaya a tudun nan ba," in ji ta. "Katakon ya ruɓe. Ƙidayar wannan watan ita ce ta ƙarshe. In ba a gani ba zan sa kwaɗo a ƙofar, ke kuma ki dawo rumfa ki riƙe mana butar shayi."

Butar shayi! Gara ta ce mata ta shiga akwatin gawa ta ja murfi. Ga shi tsoho Alf, abokin tafiyarta, ya faɗi a banɗaki ya karye a ƙugu. Daren Laraba bai yi ba wayata ta yi ƙara.

"Clarrie, ranar Asabar kana da aiki?"

"Ina da shi, shingen mutane zan gyara."

"Ƙarya kake. Ka zo da takalmin roba."

"Ni? Ke da kika ce ko sunana na faɗa sai kin tambayi Gwaggo?"

"Mutum shida na roƙa, kai ne na bakwai. Na so in kai karena, sai dai ba ya iya sa hannu a takarda."

Ranar Asabar ƙarfe bakwai da rabi muna rumfar gandun. Sanyi irin wanda in ka yi magana sai kalmar ta daskare ta faɗo a ƙafarka. Masu ƙidaya kusan ashirin, kowa da hular ulu da filas. Tegan na ɗago kai daga takarda ta gan ni, sai ta rufe ido.

"Merri, shaidarki ke nan? Mutumin da kifi ya ja jirginsa har Tasmaniya?"

"Rabin hanya na ce," in ji ni. "Kada ki ƙara mini."

Aka yi dariya, Tegan ba ta yi ba. Ta ce, "Ruwa zai rufe hanya sha ɗaya da kwata, kuma da wannan iskar zai iya riga haka. Ƙarfe sha ɗaya ku kasance a ƙofa. In na zo ban gan ku ba, ko Mai-lemo ɗari kuka gani na rufe wurin. Ba zan ciro gawar kowa daga laka ba."

A jikin bangon rumfar akwai babban hoton tsuntsun. Na tsaya na ƙare masa kallo: zoben azurfa a ƙafar hagu, shuɗi a ta dama. Na adana abina a ka. Ni makaranta aji tara na bar ta, ita ma ba ta yi kewata ba, amma in na ga abu sau ɗaya ya zauna.

Daga ƙofa zuwa tudu tafiyar minti ashirin ce. Ni ke ɗauke da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ita tana gaba da sanda. Tun a nan na fara lura. Matar da ta san katakon nan fiye da ɗakin girkinta, yau sai ta dungura kowanne da sanda kafin ta taka. Can ta tsaya, ta ciro littafinta, ta rubuta.

"Me kika gani?"

"Zalɓe ɗaya. Ga shi can tsaye."

Na duba. Na sake dubawa. "Merri, wannan zalɓen ni na kafa shi bara. Turken shinge ne."

Na buɗe baki zan kwashe da dariya, sai na ga ta kai littafin har bakin hancinta. Ta soke abin da ta rubuta, ba ta juyo ba.

"Yanar ido ce," in ji ta. "Ido biyun. Sai Oktoba za su yi mini aiki. Komai kamar ta cikin gilashin da aka shafa wa madara nake ganinsa."

"Tegan ta sani?"

"In ta sani da yanzu ina riƙe da buta. Shi ya sa na kira ka. Idonka nake so, Clarrie, ba bakinka ba. Tun kana yaro kake hango kaska a bayan kare daga tsallaken titi."

Muka ƙarasa tudun. Muka tsuguna a bayan wani kurmin ciyawa, na kafa madubin. Gabanmu fili ne na ciyawar gishiri, ja-ja, da ƙananan ƙoramu da suka tsattsaga shi, duk a bushe sai laka tana ƙyalli. Can nesa teku, fara fat, kamar ba ruwanta da kowa.

Takwas da rabi, ba komai. Tara, baƙaƙen agwagi masu dogon wuya guda shida suka wuce, ta ƙirga su da ƙarar fiffike ta ce shida, kuma shidan ne. Tara da rabi, yatsun ƙafata suka yi mini sallama. Ta ba ni shayi da burodi mai cuku, ta hana ni tauna da ƙarfi.

Na matso na yi ƙasa da murya. "Ji nan, tsohuwa. Na haddace hoton can. Azurfa a hagu, shuɗi a dama. Mu koma mu ce mun gani. Ke ki yi shiru kawai, ƙarya sana'ata ce, ba zan ba ki kunya ba."

Ta juyo da waɗannan idanun masu hazo, ta yi mini kallon madubin mota. Shekarata hamsin da bakwai amma sai da na sunkuyar da kai.

"In ka ƙara faɗa, a nan zan binne ka, kuma ba mai nemanka. Ka san in aka rubuta, mutane za su bar inda tsuntsun yake su zo nan su yi ta gadin iska? Na taɓa jin kunya a kan kuskure, na haɗiye. Ba zan ji ta a kan ƙarya ba."

"To in bai zo ba fa?"

"Sai in riƙe buta."

Goma da kwata sai ga garke, tsuntsu goma sha huɗu, suka sauka kamar taku sittin daga inda muke. Na yunƙura zan miƙe. Merri ta dafa ni.

"Masu shuɗin fiffike ne. Ba ka ji kukansu ba? Siriri, kamar cokali a bakin kofi. Mai-lemo ba haka yake ba. In ya firgita, kamar ka ja farce a haƙoran matajin kai."

"Ke da kika rikita su da ido biyu lafiyayyu?"

"Shi ya sa na yi shekara tara ina koyon kunne."

Na bi su da madubi ɗaya bayan ɗaya, amma ciyawar ta kai musu wuya, kawuna kawai ke ɓullowa suna nutsewa. Goma da rabi na waiwaya. Ƙoramun da suke a bushe ɗazu yanzu duk sun cika, ruwan na tafiya a hankali ba ƙara, da kumfa a bakinsa. Iskar kudu ta ƙara ƙarfi, tana turo shi.

"Merri, goma da arba'in dole mu tashi."

"Na sani."

"Ruwa ya kai gindin katako."

"Na ji shi. Yi mini shiru."

Saura minti biyu lokacinmu ya cika sai wani shaho ya biyo saman ciyawar, ƙasa-ƙasa. Garken ya tashi fir. Cokula suka yi ta kaɗawa a sama, kuma a cikinsu, Allah shaida, na ji an ja farce a mataji. Sau biyu. Merri ta damƙe hannuna. Har yau shatin yatsunta na nan, in kun zo zan nuna muku.

"Yana ciki," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai. "Clarrie, yana ciki. Ina suka sauka?"

Sun sauka, amma sun ƙara nisa, bayan wani tsohon kututture da teku ta jefo. Na juya madubin, na ga sama, na ga laka, na ga teku. Numfashina ya rufe gilashin da tururi, na goge da hula. Tari ya taso mini, na cusa hular a baki.

"Nemi wanda ya fi kore," tana raɗa mini. "Sauran kamar tsohon bargon soja suke. Shi kamar sabuwar ciyawa."

"Goma da arba'in da biyu, Merri."

"Nema!"

Ɗaya, bargo. Biyu, bargo. Biyar, shida. Na tara ya ɗago kai, kore shar kamar an wanke shi yanzu.

"Na gan shi."

"Cikinsa?"

"Ciyawa ta rufe."

"Ƙafa?"

"Ita ma."

Sanyi ya taɓa mini gwiwa. Na duba ƙasa, ruwa ne ya zagayo ta bayan kurmin ya same mu inda muke tsugune. Arba'in da biyar. Na ce a raina, ko mun tashi yanzu mun makara. Tsuntsun kuwa ko a jikinsa, cin abincinsa yake kamar an gayyace shi biki. Na roƙe shi da sunan uwarsa da ubansa. Ashe ruwan da ke korarmu shi ma ya iso gare shi. Ya yi tsalle ɗaya ya hau kututturen, ya juyo gabansa gare ni, ya girgije.

"Lemo! Merri, ga lemon nan!"

"Ƙafa, Clarrie, ƙafa!"

"Hagu, zoben azurfa."

"Dama?"

Na ƙura ido har hawaye ya zubo. "Babu komai."

"Sake dubawa. Biyu suke sa musu."

"Na duba. Ƙafa ce tsirara."

Na ji hannunta ya saki nawa. Tsuntsun ya ja farcensa a mataji sau ɗaya, ya tashi ya yi gabas da sauran. Arba'in da bakwai.

Komawar nan ba na son tuna ta. Taku ɗari na farko katako na sama. Daga nan ya nutse. Ruwan ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, launinsa kamar shayi, ba ka ganin inda za ka taka, kuma gefe da gefe laka ce da ta taɓa haɗiye saniya, wannan ba ƙarina ba ne, a tambayi Alf. Na saɓa madubin a kafaɗa, Merri ta kama bel ɗina ta baya.

"Ni ba na ganin komai," in ji ta. "Amma na san lissafinsu. Taku goma sha biyu, sai ka karkata hagu. Katako na uku bayan turke ya karye, tsallake shi."

Haka muka yi, ita ke faɗa ni ke takawa. A kwarin da ya fi zurfi ruwa ya haura bakin takalmin Lionel ya cika su, ta yi tangaɗi, bel ɗin ya shaƙe mini ciki har na ga taurari. Ba ta saki ba. Ni kuwa tunda aka haife ni ban taɓa yin minti goma sha bakwai ban yi magana ba sai ranar.

Tegan na tsaye a ƙofa da kwaɗo a hannu, masu ƙidaya bakwai ko takwas a bayanta. Fuskarta ta yi fari. Ta kalli agogo.

"Sha ɗaya da minti huɗu."

"Yana can," in ji Merri tana haki. "Mai-lemo. Amma tsaya in gaya miki kafin ki rubuta. Ni da kunne na ji shi, sau uku. Ban gan shi ba. Idona ya tafi, Tegan, yanar ido ce, tun bara nake ɓoye miki. Clarrie ne ya gani."

Wani a baya ya yi tsaki. Wata ta ce, "Makauniya da Clarrie Buckle. An gama."

Tegan ta ja ni gefe, bayan motarta, yadda suke yi don kada shaidu su ari bakin juna. Ta buɗe littafi.

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗaya? Kai?"

"Ɗaya."

"Zobe?"

Shuɗin nan yana kan harshena, na ji ɗanɗanonsa. Azurfa a hagu, shuɗi a dama, daidai da hoto, wa zai musa? In na ce zobe ɗaya, za ta ce ban gani da kyau ba, ko ba shi ba ne, ta datse kwaɗon. Na leƙa ta saman mota. Merri na zaune a kan turke ta cire takalmin Lionel tana zubar da ruwan ciki, safarta na ɗiga, ba ta ko kallon wajenmu.

"Azurfa a hagu," na ce. "Dama babu komai."

"Ka tabbata? Ba laka ce ta rufe ba?"

"Na ga ƙafar tun daga gwiwa har farce. Babu. Na san ba haka hotonku ya nuna ba. Abin da na gani ke nan."

Ba ta rubuta ba. Ta buɗe motar, ta ciro wata takarda daga jaka, ta bi layi da yatsa, ta tsaya. Ta matsa can ta buga waya, ta juya mana baya. Minti biyar ta yi, ni a wurina shekara biyar ne. Da ta dawo ba ni ta nufa ba, gaban Merri ta je ta tsuguna.

"Akwai wata macen Mai-lemo 'yar shekara huɗu," in ji ta. "Zobenta mai launi ya fita bara a sheƙa, saura na azurfa a hagu. Tun da ta taso a Afrilu ba wanda ya gan ta, har sun cire rai. Takardar nan ni kaɗai aka aiko wa, ban nuna wa kowa ba." Ta waiwayo ta kalle ni. "Da ƙarya zai yi, da biyu zai ce."

"Da huɗu zai ce," in ji Merri. Sai ta rufe fuska da hular ulu, kafaɗunta suka yi ta motsi. Kowa ya sami abin kallo a sama.

Matar da ta ce an gama ta yi gyaran murya. "To minti huɗun fa?"

Tegan ta jefa kwaɗon cikin mota. "Agogon nan gaba yake da minti biyar. Kowa ya sani."

An canza katakon a watan Agusta, ni aka ba aikin, na ɗaga shi taku biyu daga laka. An yi wa Merri aikin ido, yanzu tana hango tabon miya a rigata daga ƙofar coci. Tudun Kawa na nan a jerin ƙidaya da sunanta, sai dai Tegan ta kafa sharaɗi: ba za ta ƙara shiga ita kaɗai ba, kuma an rubuta sunan abokin tafiyarta da biro, ba fensir ba. Na roƙi a mayar wa Alf, ya ce ƙugunsa bai yarda ba.

A kulob ɗin ƙwallo, in an matsa mini, nakan ce arba'in muka gani, kuma ruwan ya kai mini wuya. In Merri na wurin kuwa, littafinta kawai take buɗewa ta ajiye a kan tebur, inda aka rubuta ɗaya, da sa hannuna a ƙasa.